Tiyatar Ranar Asabar

Lokacin muna cikin jihar Sakkwato, kafin a ƙirƙiro jihar Kebbi, yayana, manomin shinkafa a Zauro, ya yi wata bakwai yana jiran a yi masa aikin gwaiwa a asibitin Birnin Kebbi. Likitan tiyata ɗaya ne. Kowace Talata sai a ce wa yaya ya yi azumi, la'asar ta yi a ce likita ya gaji, a dawo. Ga damina na matsowa, shi kuwa ba ya iya duƙawa. In ba a yi aikin ba kafin ruwa, gonarsa ta shekarar ta tafi.

Sai wani nas ya ce an buɗe tiyata ranar Asabar don a rage layi, ma'aikata kuma su daina kwana a tsaye ranakun aiki.

Yaya ya ƙi. A wajenmu abin da aka yi ranar Asabar maimaituwa yake yi, ko ta'aziyya wasu ba sa zuwa.

"Kai da ka yi yawon duniya, hwaɗa mini," ya ce. "A yanka ni Asabar, sai an koma yankawa ke nan?"

Na ce masa a Jidda da Asabar ake fara mako, ban ga ana yanka kowa sau biyu ba. Amma nawa zargin daban ne. A Kumasi na taɓa ganin asibitin da manya ke tafiya gida ƙarshen mako, a bar wuƙa a hannun masu koyo. Na tafi Argungu wurin wani tsohon nas, abokina, na tambaye shi. Ya yi dariya.

"Alhaji, kai ma ka zama ɗan ƙauye? Likitan ne da kansa."

Dariyar ta yi mini saurin zuwa. Amma da na dawo na ce wa yaya na bincika, ya yarda.

Ranar na zauna a benci daura da ƙofar tiyata tun bayan asuba, don in ga mai shiga. Mutum huɗu suka wuce, duk cikin koren kayan tiyata, duk fuska a rufe. Na duba takalmansu, na duba tafiyarsu, ban gane komai ba.

Yaya ya warke, ya yi shukarsa a kan kari. Ya sha gode mini saboda binciken da na yi. Har ya rasu ban gaya masa ban san wanda ya riƙe wuƙar ba.