Haruffa Ashirin da Tara na Gwaggo

Shekara ashirin da biyu gwaggona ta yi tana tsara shafi a wata ƙaramar maɗaba'a, a kujera ɗaya, kusa da tagar da ba ta rufuwa. Katin biki, takardar jarrabawa, kalanda, duk ta hannunta suke bi. Tana da haƙuri da kowa, in ban da wanda ya ajiye kofin shayi kusa da kwamfutarta.

Tun suna yara ita da yayarta suka ƙirƙiri rubutunsu na sirri, don kada kakarmu ta gane abin da suke ƙullawa. Haruffa ashirin da tara ne, wani kamar cokali, wani kamar kunnen kofi. Aure ya kai yayar nesa, amma ba su fasa rubuta wa juna wasiƙa da shi ba, har hannun yayar ya soma rawa, biro ya gagare ta. Gwaggo ta ce ai da sauran dabara. Wata huɗu ta yi tana zana haruffan a kwamfuta lokacin hutun rana, don yayar ta riƙa dannawa kawai.

Ita ta koya mini cewa kowane harafi a kwamfuta da lambarsa, kuma akwai wani jerin lambobi da aka bari fili, ba mai shi, kowa ya kafa nasa. Gwaggo ta yi abin da duk mai ƙirƙira yake yi, ta fara daga lamba ta farko.

Ta tura fayil ɗin haruffan da wasiƙar farko, ta zauna jiran yabo. Kwana uku shiru. A na huɗu waya ta yi ƙara.

"Ƙanwata," in ji yayar, "in kin ƙirƙiro wani rubutu da wata sabuwar ƙawa ne, ki faɗa mini. Ni dai ƙugiyoyi da taurari nake gani."

Maganar ta soki Gwaggo ƙwarai. Da aka bincika, ashe kwamfutar gidan ta surukin yayar ce, kuma akwai wasu haruffa da surukin ya taɓa saukewa a ciki, na wani mai kemis da ya ƙago rubutu don labarin wata ƙasa da babu ita. Shi ma daga lamba ta farko ya fara. Kwamfuta kuwa ba ta san zumunci ba, ta ɗauki nasa ta bar na Gwaggo.

Gwaggo ta rubuta masa saƙo mai yaji, wai ya kwashe taurarinsa daga wurinta. Bawan Allah ya amsa da ladabi har ta ji kunya. Shekara tara yana kan lambobin nan, ya rubuta shafi ɗari shida, mutane suna karantawa. Kuma akwai jerin da masu irin wannan aiki suke riƙewa a tsakaninsu don kada su taka juna, sunansa yana ciki. Gwaggo ba ta taɓa jin labarin jerin ba.

Kwana biyu tana kumbura, muna tsokanarta da cewa an yi mata ƙwace a filin da ba nata ba. Sannan ta ce, "Wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi." Ta kwashe haruffanta ɗaya bayan ɗaya zuwa wasu lambobi can gaba, inda ba kowa, mai kemis ɗin ya taya ta shigar da su cikin jerin nasu. Ta sake tura wa yayar fayil ɗin da wasiƙar.

Ina maɗaba'ar ranar da yayar ta sake kira. Ko gaisuwa ba ta yi ba, ta fara karanto wasiƙar a hankali, layi bayan layi, Gwaggo tana riƙe da waya da hannu biyu. Da ta kai ƙarshe ta yi gyaran murya.

"Na gani, Allah ya yi miki albarka. Amma harafi na bakwai kin juya masa wutsiya. Shekara arba'in ina faɗa miki, ba kya ji."

Gwaggo ta yi dariya har da ƙwalla. Na ce ta kawo mu gyara, aikin minti biyu ne. Ta janye kwamfutar daga gabana.

"Bar shi," ta ce. "In na gyara, me Yaya za ta kira ta yi mini faɗa a kai?"