Gende Kawage, Jagoran Dutsen Wilhelm

Kullum da hantsi, da zarar hazo ya ɗaga daga ƙauyen Keglsugl, za ka ga Baba Gende Kawage ya fito da gasasshen dankali a jakar saƙa da gwangwanin fenti a hannu, ya nufi dutse. Shekara arba'in da ɗaya ke nan yana sabunta alamomin da masu hawa ke bi daga tafkin Piunde har ƙololuwa. Baƙi kan hau su ɗauki hoto, jaridu su buga sunayensu. Nasa sunan kuwa, mu 'yan ƙauye kaɗai muka sani.

Shekarar da ruwan sama ya zaftare hanya a saman tafkin Aunde, baƙi suka ɗauke ƙafa, masu dako suka zauna ba aiki. Aka ce sai an kirawo masana daga Mosbi, babban birnin ƙasar. Gende ya ce, "Su masanan nan, a gindin wane dutse aka haife su?" Kwana tara yana rarrafe a doron dutsen, inda in ƙafa ta zame ko gawa ba a samu. Rana ta goma ya sauko, yatsu duk jini, ya samo sabuwar hanya. Ita ake bi har yau.

Dorin Sagi, malamar makaranta daga Madang, ba ta gajiya da ba da nata labarin. Numfashinta ya sarƙe dab da ƙololuwa, hazo ya rufe ko'ina. Gende ya goya ta awa shida.

"Baba, ajiye ni, kada mu mutu tare."

"Yi shiru, 'yata. Buhun kabeji ya fi ki nauyi."

Baba Gende, kai ne ka hau fiye da sau dubu, namijin duniya, ba ka taɓa saukowa da ragin mutum ko ɗaya ba.

Watan jiya ya yi hawansa na sallama. Bai gayyaci manya ba, sai matarsa Ambane da matan ƙauye goma sha ɗaya. Ya ce musu, "Tun kuna 'yan mata kuke noma a gindinsa, ba ku taɓa ganin kansa ba."

Ambane ta ce, "Tsoho, in gwiwata ta ƙi fa?"

"Na goya ta wani, balle tawa?"

A kwana na uku suka taka ƙololuwa, dukansu, da ƙafafunsu. Gari ya washe har ana hango teku, wanda Ambane ba ta taɓa gani ba. Ta rangaɗa guɗa, sauran suka amshe, dutse ya ɗauka.

Mun gode, Baba Gende. Ku da za ku gaje shi, ku riƙe wannan: in kun san hanya, kada ku hau ku kaɗai.