Mai Markaɗe da Manyan Haruffan Baba

A ofishinmu kowa ya iya magana. Masu zane kan shafe safiya suna gardama kan launin akwati ɗaya, Oga kuwa ba shi da abin so kamar taro. Ni kwamfutocin ofis nake kula da su, rabin rayuwata a ƙarƙashin tebur nake ina jan waya. Bayana ya gaji, kuma na daina sauraron abin da mutum ya ce zai yi. Shi ya sa nake ganin girman Mai Markaɗe.

Haka muke kiranta. Teburinta na can ƙurya, kusa da tagar da ba ta rufuwa. Masu zane kan ƙera shafin intanet gunduwa-gunduwa: ga madanni, ga akwatin hoto, ga wurin rubuta suna. Burauzar da ke wayarka, wato manhajar da ke buɗe shafukan intanet, ba ta san waɗannan ba. Dole sai an zuba su cikin wata 'yar manhaja ta niƙe su, ta fitar da rubutun da burauza ke ganewa. Ita ta rubuta manhajar, ita ke rainonta, injina take ce mata. In yana aiki babu mai tunawa da ita. Ran da ya tsaya kowa ya san hanyar teburinta.

Mahaifinta gyaran agogo ya yi har idonsa ya gaza. A shagonsa ta girma tana share masa tebur, kuma tun lokacin ta tsani tarkace. Mijinta ya taɓa gaya mini a bayan firji yake ɓoye tsofaffin cajojinsa. Wannan halin ta zuba wa injin: duk guntun da ya duba bai ga wani sashe na shafi yana kiransa ba, sai ya watsar, don shafin ya buɗe da wuri ko a tsohuwar waya.

Muka yi wa wata jarida sabon shafi. Ta ƙara wa injin tsanani, shafi ya fito sakayau, kafin ka ɗaga yatsa ya buɗe. Oga ya yi dogon jawabi. Ita ta koma teburinta.

Kwana biyu da haka, da hantsi, sai ga wani dattijo a bakin ƙofa, da sanda da tabarau mai kauri, yana haki.

"Ina Uwata?" in ji shi.

Mai Markaɗe ta miƙe zumbur. "Baba! Wa ya kawo ka? Duk benen nan ka hawo?"

"Ƙafata ta kawo ni. Ita dai ba ki share ta ba tukuna."

Na jawo masa kujera. Ashe tsohon ya bar tuƙi, ya bar agogo, ko kwalbar magani sai an karanta masa. Abu ɗaya ya rage yana yi da kansa, shi ne karanta wannan jaridar da safe. Akwai ɗan madanni a saman shafin, in ya taɓa sai haruffa su kumbura. Yanzu madannin yana nan, amma ko ya danna, shiru.

"Mijinki ke karanta mini," ya ce da ita. "Yana tsallake layi, yana hamma, labarin ƙwallo kaɗai yake ɗaga wa murya. In haka zan ƙare, ki karɓi wayarki."

"Baba, injina ba ya zubar da abu mai amfani."

"Haka kika ce ran da kika zubar mini da gwangwanin ƙananan kusoshi."

Ofis ya ɗauki dariya. Ita ba ta yi ba. Ta zauna ta leƙa cikin abin da injin ya watsar, can ta dafe goshi. Guntun da ke kumbura haruffa babu mai kiransa lokacin da shafi ke buɗewa, zaune yake yana jiran yatsan mutum. Injin ya duba bai ga mai kira ba, ya haɗa shi da shara. A ofishin kuma kowa idonsa garau, babu wanda ya taɓa bukatar madannin.

Nan take masu zane suka fara bayanin cewa ba daga wajensu ba ne. Oga ya ce a shiga taro.

"Ku yi taronku, ranka ya daɗe," ta ce, ko ɗagowa ba ta yi ba.

Da ta so, da ta tsamo wannan guntun kaɗai ta huta. Sai ta zauna ta koya wa injin ya ƙyale duk abin da ke jiran a taɓa shi. Shafin ya ɗan ƙara nauyi. Na ga fuskarta lokacin da ta ga haka, kamar wadda ake cire wa haƙori, amma ta tura gyaran ya hau shafin jaridar.

Ta miƙa masa wayar. "Baba, danna."

Ya laluba ya danna. Haruffa suka tashi manya-manya, ni ma daga inda nake tsugune ina iya karantawa. Ya kai wayar kusa da hanci, leɓensa ya fara motsi.

"Ya yi?" ta tambaya.

"Ki yi mini shiru, ina karatu."

Bai tafi ba. Ya karanta mana jaridar da ƙarfi, yana tsayawa yana yi wa masu labarin faɗa, har Oga ya fasa taron ya aika a kawo masa shayi. Da zai tashi ya riƙe hannunta.

"Gobe ma zai yi?"

"Zai yi, Baba."

"To ki gaya wa mijinki na sallame shi."