Dattijo Mai Tara Jirage

A shagon kayan gwanjo, tsakanin tsofaffin rediyoyi, wani dattijo yana tsaye riƙe da jirgin sama na wasan yara, irin na da, na katako marar nauyi, wanda ba shi da inji, sai dai a cilla shi iska ta ɗauka. Rigarsa ta sha guga, tabarau ya sauko masa kan hanci. Ya ɗora fukafukan a kan yatsu biyu, yana duba ko gaban ya rinjayi jelar, da natsuwa irin ta likita.

Da ganinsa ka san ba wannan ne na farko ba. Wataƙila ɗakinsa cike yake da irinsu, rataye da zare, har matarsa ta gaji da magana. Wataƙila a zamaninsa babu yaron da ya kai shi nisan jifa a filin makaranta.

"Baba, cilla mana ka gani," in ji mai shagon. "In bai tashi ba, kada ka saya."

Dattijon ya gyara tsayuwa, ƙafar hagu a gaba. Ya ɗaga hannu. Hannun ya kai kunne, kafaɗa ta ce iyakarta ke nan. Ya ɗan jima a haka yana kallon ƙofa.

"Iskar yau ba ta da kyau," ya ce, yana sauke hannun a hankali.

Mai shagon ya leƙa waje, inda ko ganye ba ya motsi.

"Gaskiya ne, Baba. Kawo in naɗe maka."