Muƙamuƙin Farar Saniya

Maigidana ya dawo daga Kwango da jakar soja, da igiyar kofur, da wani buri da ban taɓa jin irinsa a Tambuwal ba, wai shi likitan haƙori zai zama. Lokacin ba a daɗe da samun mulkin kai ba, kowa ka taɓa yana da abin da zai zama, amma nasa ya fi na kowa ba ni dariya. A wajenmu in haƙori ya dame ka wanzami kake nema, ya danne ka ya fizge shi, ka ba shi na goro ka tafi kana tofar da jini. Wa ya taɓa jin an yi shekara da shekaru a makaranta saboda wannan?

A soja bai riƙe bindiga sosai ba. An haɗa shi da likitan haƙori na rundunarsu, shi ke tafasa kayan aiki, ya riƙe fitila, ya riƙe kan wanda ake yi wa aiki. Can ya ga yadda ake ɗaure fasasshen muƙamuƙi da siririyar waya har mutum ya koma yana tauna. Wata rana likitan ya dube shi ya ce yana da hannu. Wannan magana ita ya ɗauko ya kawo mini gida, ya fi ji da ita a kan duk abin da ke cikin jakar.

Daga nan hannun nan suka zama sarakai a gidana. Ba ya faskare, in zai riƙe fartanya sai ya naɗe tafinsa da tsumma, kullum yana shafa musu man shanu. Na ce masa ko amarya ba ta kai shi tattalin hannu ba, saura lalle. Da safe kuma ya ɗebi riɗina ya zuba a faifai, ya ɗauki hantsaki, irin wanda ake cire ƙaya da shi, ya dinga tsinta ƙwaya-ƙwaya yana jefawa a ƙoƙo. Ƙato guda da gashin baki, zaune yana tsintar riɗi kamar kaza.

Ba shi kaɗai ke da ciwon ba. Yana da aboki ɗan Jabo, tare aka sallame su, shi ma burinsa ke nan. Duk ranar kasuwa zai zo a keke, su shimfiɗa tabarma a zaure, su jera tsakuwa, kowace tsakuwa darasi guda. Darussan ta gidan waya suke zuwa. In sun gama za su zauna jarrabawa a Sakkwato, daga nan Zariya karatun share fage na kimiyya, sannan can kudu inda ake koyar da aikin kansa. Rigimarsu kullum a kan tsakuwar da za ta shige gaba take.

"Lissafi za mu fara kashewa," in ji ɗan Jabo. "Shi ad dodo. In munka kada shi, saura wasa na."

"Kai dai tsoronai kaka ji," in ji maigida. "Ilmin halittu ka gaba. Wanda bai san jiki ba, mi za shi nema cikin bakin mutane?"

Ni ina daga ciki ina jin su, ina cewa kafin tsakuwar ƙarshe ta iso na yi furfura. Amma gaskiya ina jin daɗi, don ban taɓa ganin mutum yana son abu haka ba.

Abin da ya haɗa mu faɗa shi ne ƙasusuwa. Littafi ya nuna masa hoton muƙamuƙi, ya ce hoto ba ya shiga yatsa. Sai ya shiga bin mata masu farfesun kai a kasuwa yana karɓar muƙamuƙan awaki da tumaki da shanu. Ranar da na tarar ya tafasa su a tukunyar miyata, sai da maƙwabta suka leƙo. Ya saya mini sabuwa, ya ce ba a fafe gora ranar tafiya. Ya huda ƙasusuwan, ya karya su da gangan, ya ɗaure da waya, ya kwance. Kafin damina ya cika buhu.

Da ruwa ya sauka muka koma Fakku, garinmu, a ƙasar Kebbe, don mu noma abin da za mu ci. Mahaifina ya rasu ina ƙarama. Ƙanensa, Baffa, shi ya riƙe ni, shi ya aurar da ni, shi kuma ya ba mu gona da ɗaki a wannan shekarar. Mutanen Fakku noma suke yi, amma ransu na ga shanu. Maigida ya ga garke ya rikice. Sai ya je mashaya, ya dafa saniyar mutane, ya buɗe mata baki yana leƙe.

Wanda ya tashi cikin shanu ya san ba a yin haka. Haƙori ake dubawa a san shekarun saniya, shekaru kuwa su ke yanke mata kuɗi. Mai buɗe bakin saniya mai saye ne ko dillali. In ba ko ɗaya ba ne, to mutane za su tambayi kansu me yake auna wa dukiyarsu. Na gaya masa.

"Maigida, nan ba bariki ba na. Ka bar bakin shanun mutane."

"Haƙora nika dubi, ba saniya ba."

"Su saniya suka gani."

Ya yi dariya ya wuce. Saniya ɗaya ce bai taɓa buɗe wa baki ba, farar saniyar Baffa, jikar wadda ya gada wurin kakata. Ranar da ya kai mata hannu Baffa ya buge hannun ya ce kada ya sake. Ita wannan saniya tana da karyayyen haƙori guda a gaba, tun tana karsana ta ciji dutse a cikin kanwa. Duk gidanmu an san da shi, ban da baƙon da aka hana dubawa.

Bayan noman farko aka wayi gari an kore shanu daga garke uku, har da farar saniya. Maza suka bi sawu har ruwa ya shafe shi, suka dawo da sanduna da zuciya, ba wanda za su sauke wa. A bakin rijiya na fara lura mata suna yin shiru in na iso. Tsohon soja, baƙo, mai leƙen bakin shanu, ai ba sai an faɗa ba.

Bayan 'yan kwanaki maigida ya biyo ta wani kwazazzabo daga gona, ya tarar da inda ɓarayin suka yanka guda, suka kwashe nama da fata, suka bar kai ga ungulu. Shi dai muƙamuƙi ya gani mai karyayyen haƙori, ƙashi ya yi wani kumburi a gindinsa, irin abin da ya karanta bai taɓa riƙewa ba. Ya ɗauko yana murna, ya wanke, ya rataya a kan danga ya sha iska. Bai nuna mini ba, don na riga na kafa doka kada ya ƙara kawo mini ƙashi kusa da murhu.

Washegari da hantsi ina daka Baffa ya shigo duba mu. Na gan shi ya tsaya a jikin danga. Ya sauko da abin, ya sa babban yatsa a gurbin karyayyen haƙorin, ya daɗe yana shafawa. Na gaishe shi. Ya juya ya fita da shi a hannu, ni kuwa a lokacin na gane muƙamuƙin wa ne.

Ban kai ga kiran maigida ba muka ji hayaniyar mazan gari. Suka shigo har cikin gida ba sallama, suka finciko shi daga gindin rumbu da littafi a cinya, suka ja shi ƙofar gida. Wani ya fito da buhun nan ya zazzage a ƙasa. Ƙasusuwa suka watse, fari fat, wasu ɗaure da waya. Taron ya ɗauka gaba ɗaya, "Ga sauran! Ga sauran!"

"Baffa, ku saurara," in ji maigida. "Kwazazzabo na ishe shi. Waɗanga na kasuwar Tambuwal na, ku je ku..."

Bai ƙarasa ba gora ta same shi a baki. Jini ya tsarto har kan rigar wanda ya buga. Ya yi taga-taga, wani ya ƙara masa a ƙeya. Sai wata murya daga baya ta ce, "Hannun! Ku karya hannun da yaka sata da shi!"

Ina leƙe ta zaure na ga abin da ya yi. Ya cusa hannu biyu a hammata, ya durƙusa, ya kifa fuska a cikin taɓo, ya dunƙule a kansu. Mutumin da na san zai iya kayar da uku daga cikinsu kafin su ɗaga sanda, bai kare ko duka ɗaya ba. Suka rufe shi, sanda a baya, sanda a kafaɗa, ƙafa a haƙarƙari. Biyu suka kama gwiwar hannunsa suna ja ta nan da ta can don su zaro hannun, ya ƙanƙame, suka ɗaga shi sama suka maka da ƙasa, bai saki ba. Wani ya kama gashinsa ya ɗago kan ya sa masa diddige a baki. Su a wurinsu rashin ramawar nan shaida ce, mai gaskiya ai ba ya kwantawa. Ni kaɗai a wurin na san abin da yake ɓoyewa.

Na yi ta ihu, "Tashi ka rama! Kashe ka za su yi!" Ko motsi. Zuciya ta ɗebe ni, na koma na sungumi taɓarya na fito, ba gyale ba ɗankwali. Na fara da wanda ya taka masa baki, ɗan Baffa ne, tare muka yi wasan ƙasa. Na sauke masa a kafaɗa na ji ta ba da sauti, ya zube yana kururuwa. Na share ƙaurin na biyu. Har gobe in aka maido ni wurin, haka zan yi.

Baffa ya juyo. Idonsa ya kaɗa jawur, ban ga alamar ya san ni ba. Ya ɗaga gora da hannu biyu, ya saito tsakar kaina. Na ga tana saukowa, na runtse ido. Na ji ƙas, kamar an taka busasshen kara, amma ban ji zafi ba. Da na buɗe ido maigida na durƙushe a gabana, hannunsa na dama a sama da kaina, yatsu sun lanƙwashe ta inda yatsu ba sa lanƙwasa.

Baffa ya dubi gorar, ya dube ni, ya sake ta ta faɗi. A haka maigari da liman suka iso suka kore mutane. Na tsuguna na tsince haƙoran maigida daga cikin taɓo, na ƙulle a bakin zane, ban san abin da zan yi da su ba.

Maɗori ya zo ya ja yatsun ya jera musu kara, maigida ya suma a hannunsa. Ɗan Jabo ya ji labari ya taso a keke. Shi ya cire guntayen haƙoran da suka rage a dasashi, maigida na nuna masa da hannun hagu inda zai kama, ni na rungume kansa a ƙirjina kamar yadda shi ya riƙe kawunan sojoji. Jini ya jiƙa mini zane har cinya. Ɗan Jabo yana aikin yana kuka.

Kafin a yi girbi aka kama ɓarayin a wata kasuwa wajen Jega, da fatar farar saniya mai shaidar gidanmu. Baffa ya zo da karsana a igiya, ya tsuguna wa surukinsa yana neman gafara. Maigida ya ce ya yafe, tsautsayi ne. Ni na ce ihu bayan hari, na kwance karsanar na kora ta waje da sanda. Ban ƙara cin tuwon gidan Baffa ba har ya bar duniya. An yi mini wa'azi ya fi a ƙirga, na ji, ban iya ba.

Ranar da aka kwance ɗori muna Tambuwal. Bai ce a ba shi ruwa ba, ya ce in kawo faifai da riɗi. Ya ɗora hantsaki tsakanin babban yatsa da manuni, ya matsa, suka tsaya a hanya, hantsaki ya faɗi. Ya ɗauka ya sake, ya faɗi. Ya koma hagu, ya yi makonni yana fama, riɗi na tsalle yana watsewa. Wata ranar kasuwa ɗan Jabo ya zo ya jera tsakuwa kamar kullum. Maigida ya sa gefen hannu ya tura masa su duka, ya shiga ya kwaso littattafan ya ɗaure masa a bayan keke. Ɗan Jabo ya zauna jarrabawa shi kaɗai, ya wuce Zariya.

Da yammar ranar na kasa haɗiye abin da ke cina.

"Wa yac ce ka miƙo hannu? Duk dukan da kas sha kana ɓoyonai, sai a kaina za ka bashe shi?"

Ya dube ni, magana na fita da iska ta giɓin bakinsa. "Hannu biyu gare ni. Ke kai guda gare ki."

Na tashi na bar masa wurin, don in na tsaya kuka zan yi, kuma haushinsa nake ji.

Ya koma noma da ɗan kiwo, bai ƙara naɗe tafinsa da tsumma ba. Yana son goro, ga ba haƙoran gaba, ga hannun ba ya riƙe magogin goro, sai ya zama kowace safiya ni ke goga masa in zuba a tafin hagu. Shekaru muka yi a haka. In ya ci ya jingina da bango gyangyaɗi ya ɗauke shi, nakan zauna in dubi hannun dama a kan gwiwarsa. Babban yatsa da manuni suna ta motsi a hankali, suna neman juna, har ya rasu ba su haɗu ba.