Mazarin da Nake Yi wa Baba Ƙarya da Shi

Shekarun baya, kafin in yi aure, yanar ido ta rufe wa mahaifina idanu biyu. Mai gyaran fanka ne a unguwar Dichemso, kuma duk duniya babu abin da ke burge shi kamar mazarin da ke zuwa bakin famfon gidanmu da hantsi, ya tsaya cak a iska kamar an rataye shi da zare.

Tun muna yara yake ce mana tsayawar nan ta fi gudu wuya. Wai iska yake turawa ƙasa daidai nauyin jikinsa, kamar fankar sama, fikafikan gaba na sauka na baya na hawa, shi ya sa ba ya ko girgiza. Ni dai kokona nake sha, ban taɓa dubawa ba.

Da ganinsa ya tafi, kullum sai ya zauna a tsakar gida ya ce, "Yarinya, mutumina ya zo?" Sai in ce ya zo, ko ban ɗaga kai daga wanki ba. In ƙara gishiri: ga shi ja, fikafikansa biyu na ƙyalli, rana na ratsa su. Ya lumshe ido ya ce, "Yoo, Allah Sarki." Har na fara ganin mazarin nan nawa a mafarki.

Aka yi masa aiki a asibiti a Bantama. Likita ya ce a yi addu'a, ba tabbas. Na ji tsoro sosai. Ranar da aka cire bandejin, muka hau tiro-tiro, motar haya, har muka iso gida mun kasa tambayarsa ko yana gani.

Ya zauna bakin famfo. Can sai ya ɗaga yatsa a hankali yana ƙirga iska.

"Ɗaya, biyu, uku, huɗu."

Na duba. Ga shi kuwa tsaye bisa ruwa, shuɗi, ko motsi babu.

"Naki mai fikafikai biyu ne," in ji Baba, yana dariya da hawaye. "Tun ranar farko na san ba ki duba ba. Amma shi ya riƙe ni, na gode."

Yau Baba ba ya duniya. In mazari ya tsaya a gabana, ajiye wanki nake yi, in ƙirga masa fikafikan, su huɗu.