Kum Zejnil, Wanda Ya Ƙi Rufa wa Mahaifina Asiri

Na Allah ne mu duka, kuma wurinsa makomarmu take. Da hantsin ranar Talata, 11 ga watan Fabrairu, Allah ya karɓi ran Zejnil Šehić, tsohon likitan dabbobi kuma shugaban kwamitin ɗa'a na farko a majalisar ƙaramar hukumarmu, nan tsakiyar Bosniya. Ya rasu a gidansa bayan jinyar da ba ta daɗe ba, ya haura shekara tamanin. Wasu za su yi mamakin ganin ni, Nedim ɗan Ragib Delalić, nake rubuta wannan ta'aziyya, tun da kowa ya san ta hannunsa mahaifina ya bar mulki. To, yana da hakki a kaina fiye da yadda suke zato.

Kum Zejnil, kai ka yi mini askin farko ina jariri, daga ranar ka zama kum ɗin gidanmu. A wurinmu kum ya fi ɗan'uwa na jini: ba a kai shi ƙara, ba a ba da shaida a kansa, ba a ɗaga masa murya. Da wannan na tashi. Kai ka koya mini riƙe ɗan maraƙi, kai ka tsaya mini ranar aurena. Babu ƙauyen da ke bayan duwatsun nan da bai san tsohuwar motarka ba. In dusar ƙanƙara ta toshe hanya, sai ka ajiye ta ka ƙarasa da ƙafa don saniyar wata gwauruwa tana naƙuda. Ladanka cuku ne da dafaffen zaƙin 'ya'yan itacen plum, har matarka Fikreta kan ce da ta san haka ne, da mai kanti ta aura.

Da doka ta ce kowace majalisa ta kafa kwamitin ɗa'a, mahaifina ne shugaban ƙaramar hukuma, kuma shi ya kawo sunanka. 'Yan adawa suka yi ta dariya a gidan gahawa, wai Ragib ya ɗauko kum ɗinsa ya ba shi gadin kansa. Gaskiya suka faɗa, abin da ke ransa ke nan. Mahaifina ba ɓarawo ba ne, amma ya yi imani kujera ba ta raba mutum da danginsa, kuma bai taɓa kawo wa ransa cewa za ka fahimci aikin daban ba. Ya kamata ya farga tun makon farko, da ka daina karɓar ko da ƙwai daga hannun manoma, ka kuma ƙaurace wa teburin kansiloli.

Maganar ta taso ne a kan dajin da ke saman Unguwar Gangare. Mahaifina ya ba kawuna Sakib, ƙanen mahaifiyata mai injin yanka katako, izinin sare itatuwan wurin, kuma ya zauna aka yi shawarar da shi maimakon ya fita kamar yadda ƙa'ida ta ce. Mutanen unguwar suka kawo kuka, suna tsoron in itatuwan suka tafi, ruwan bazara zai zubo musu da tudun a kan gidaje. Babu abin ɓoye a ciki, gari duka ya sani. Abin da ake jira kawai shi ne a ga ko kum zai buɗe baki.

Kafin kwamiti ya zauna ka zo gidanmu da safe. Ina wurin. Mahaifiyata ta kawo gahawa, ka ɗauki dunƙulen sukarinka ka gutsura, sannan ka dubi mahaifina ka ce:

"Kum, ka soke izinin nan, ka tsaya gaban majalisa ka ce ka yi kuskure. Shi ke nan magana ta mutu."

Mahaifina ya yi dariya. "Haba Zejnil! Kai fa ka aske wa yaron nan."

"Ni ne. Ka sake haifo wani ma, in kana da sauran ƙarfi, ka kira ni. Amma akwai mutane da ke kwana a ƙarƙashin tudun nan."

"To, don me kake jin na ɗora ka a kan kujerar?"

"Wallahi na ɗauka don ka san halina ne."

Bai soke ba. Kwamitinka ya bayyana cewa shugaba ya karya ƙa'ida, ka karanta hukuncin da bakinka. Aka dakatar da sara, ba a daɗe ba jama'a suka kaɗa ƙuri'ar sauke shi. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, domin ina son mahaifina. Kai ma ba ka fita da riba ba. Tsofaffi suka riƙa juya maka baya a masallaci, har waɗanda suka yarda kana da gaskiya suna cewa bai kamata ta fito daga bakin kum ba.

Na daɗe ina juya wannan magana. Tudun bai zube ba, kuma babu mai iya rantsewa zai zube da an sare dajin. Mahaifina ya sha faɗin haka. Amma ba a ɗora ka don ka yi duba ba. An ɗora ka ne don ka tabbatar mai mulki bai yi hukunci a kan abin da gidansa ke da rabo a ciki ba. A ƙaramin gari irin namu kowa surukin wani ne ko kum ɗin wani, don haka in mai sa ido zai kau da kai ga nasa, babu ranar da zai duba kowa. Wanda ya gaji mahaifina ya zaci kai nasa ne, shi ma ya sha mamaki.

Daga ranar mahaifina bai ƙara yi maka magana ba. Kai kuwa ba ka fasa ba. Kowace Sallah sai ka zo da baklawa, irin alkakinmu mai zaƙi, da Fikreta ta yi, shi kuma ya shige ɗakin baya ya rufo ƙofa. Ka gaida mahaifiyata, ka ɗaga murya ka ce, "A gaida maigidan, a ce kum ɗinsa ya zo." Shekaru suka tafi a haka, har ku duka biyu kuka koma dogara sanda.

Ranar jana'izarka ban yi zaton mahaifina zai fito ba, sai na same shi a bakin ƙofa ya sa hula. Bayan an idar da salla, liman ya juyo ya tambayi jama'a kamar yadda muka saba: shin kun yafe masa? Sahu ya amsa gaba ɗaya, mun yafe. Idanu suka koma kan mahaifina, domin an lura bakinsa bai motsa ba. Ya matsa gaba har ya dafa makara.

"Malam, ba ni da abin da zan yafe masa," in ji shi. "Shi ne ya yi ta zuwa ƙofata. Yanzu ni wa zai tambayar mini shi ko ya yafe mini?"

Mahaifina ya ajiye sandarsa a ƙasa, ya sa kafaɗa aka ɗauke ka da shi.

Ya Allah, ga bawanka Zejnil ya zo gare ka. Ka lulluɓe shi da rahama, ka haskaka makwancinsa, ka sauƙaƙa masa hisabi kamar yadda ya riƙe amanar da aka ba shi. Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna Fikreta, da 'ya'yansa Senada da Mirsad, da jikoki, da mutanen Unguwar Gangare. Allah ya ba mu haƙurin rashinsa, ya sanyaya zuciyar tsohon da ya bari a gidanmu, ya haɗa su a inda babu sauran gaba. Amin.